Rabon Ruwan Gidan Shodmon

Duk wanda ya san ƙauyen Chinorak ya san Sabohat, ko da bai riƙe sunanta ba, don ita ce matar nan da tafin hannunta ke zama rawaya tun daga watan Yuni har sanyi ya shigo. Zardolu ne ya rina shi, wani ɗan itace rawaya mai zaƙi, mai ƙwallo ɗaya a ciki. Tun tana 'yar shekara bakwai take zama a gaban tabarma tana tsaga shi gida biyu, ta fid da ƙwallon, ta jera ɓarin a kan katako a kai rufin ɗaki ya sha rana. Da aka kawo ta gidan Shodmon tana da shekara goma sha tara, ba ta tarar da wata dukiya ba sai uwar miji, Bibi Hikoyat, wadda suke kira Ocha, wato Inna, da saniya ɗaya, da lambun zardolu mai itace arba'in da biyu a gangaren bayan gida, wanda mahaifin Shodmon ya dasa da hannunsa kafin ya rasu. Ta ce ya ishe ta. Kuma ya ishe ta ɗin, har ranar da 'yarsu tilo, Nozanin, ta girma ta ce ita makarantar koyon jinya take so.

Lambu yana ciyar da gida, amma ba ya biyan makaranta. Sai Shodmon ya yi abin da rabin mazan garin nan suka yi, ya tafi Rasha aikin filasta. Shekara uku yana tafiya yana dawowa. Yakan tafi da an gama shanya, ya dawo farkon Maris, ba fashi, saboda hashar.

Ruwan Chinorak duk ta babbar magudana ɗaya yake zuwa daga kogi, hunturu kuwa yakan cika ta da laka da duwatsu. To kafin Nauruz, bikin shigowar bazara a ƙarshen Maris, sai kowane gida ya turo namiji a yi gayyar yashe ta, kwana biyar cur. Wannan gayyar ita ce hashar. Mirob, wato mai rabon ruwa, shi ke awo da sandarsa ya ba kowane gida nasa yanki. Gidan da ba namiji ya ɗauki ɗan ƙwadago. Gidan da bai yi ko ɗaya ba a liƙe bakin magudanarsa da laka har shekara ta zagayo, kuma itacen zardolu a kan tsakuwar gangaren nan ba ya ganin wata shekara in ya wuce lokacin zafi ɗaya ba ruwa. Sassauci ɗaya ne kawai: gidan da masifa ta faɗa wa, mutuwa ko ciwo ko gobara, jama'a za su haƙa masa. Amma sai mai gidan ko matarsa sun faɗa da bakinsu a gaban mutane, don kada malalata su samu mafaka.

Ranar wata Talata a watan Disamba, Sabohat na cikin fasa ƙwallayen zardolu da ɗan guduma, wayarta ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Ta ɗauka, sai ta ji muryar Shodmon can ƙasa-ƙasa.

"Uwar Nozanin, in kina tsaye ki zauna."

"A zaune nake. Lafiya? Ina wayarka?"

Ya ce jami'an hukuma sun zo wurin aikinsu sun ce kowa ya fito da takardu. Fasfo ɗinsu duka yana hannun ubangidan aikin, wai yana ajiye musu ne don kada su ɓata. Da mutumin ya hango motoci sai ya cika wandonsa da iska, har yau ba shi ba labarinsa. An kai su gaban alƙali, minti biyar aka yanke cewa a mayar da su gida. Sai dai ba a sa mutum a jirgi ba takarda, saboda haka an zuba su a gidan tsare baƙi har sai takardar shaida ta fito daga ƙasarsu.

"Har yaushe ke nan?"

"Akwai wanda na tarar a ɗakin nan ya yi wata goma."

Gudumar ta suɓuce daga hannunta.

"Abu ɗaya nake roƙonki," in ji shi. "Kada Ocha ta ji. Kin san zuciyarta. Kada kowa ma ya ji, ba na so a ce ɗan Bibi Hikoyat yana kurkuku. Ki yi mini alkawari."

Ta yi masa. Wallahi har gobe ba a ga abin kunya a wurin mutumin da aka gudu da fasfonsa ba, amma haka mazan garin nan suke: gara ka ce musu sun mutu da ka ce an kulle su. Ita kuma Sabohat mace ce da in ta ce to, ta ce ke nan.

Saniyar ce ta fara tafiya. Wani mai kiran kansa lauya, wanda ba ta taɓa ganin fuskarsa ba sai daddaɗar muryarsa a waya, ya ce mako biyu zai fito da shi. Ta sayar da saniya ta aika masa. Mako biyu ya cika, lambarsa ta daina shiga. Allah ya isa! Mutum yana cikin rami ka zo ka zare masa takalmi.

Maƙwabciyarta Mastura, wadda bakinta ba ya hutawa, ta leƙo ta kan katanga ta ga turke wayam.

"Ke Sabohat, ina jar saniyarku?"

"Harbi take yi. Na gaji, na rabu da ita."

"Oho! Masu miji a Rasha an daina tatsa, sai madarar kwali. Allah ya kai mu matsayinku!"

Sabohat ta yi dariyar dole ta shige ɗaki.

Bayan saniya sai keken ɗinki, bayan keke sai 'yan kunnen aurenta. A gidan tsarewar komai sai an kai maka daga waje, sabulu, ganyen shayi, safa mai kauri, har kuɗin kiran waya. Allah ya haɗa su da wani direban tasi ɗan ƙasarmu da ke zaune a wancan garin, shi ke karɓar abin da ta aika ya sayi kaya ya je ya bi layi a cikin ƙanƙara ya miƙa, kuma ko sau ɗaya bai ciri kuɗin mai ba. Sabohat ba ta san kamanninsa ba har yau, amma ba ta sallame salla ba ta ambace shi ba. A watan Janairu kuɗin makaranta ya gagara. Nozanin ta tattaro littattafanta daga Khujand ta dawo gida, ta gaya wa kakarta wai dogon hutu aka ba su. Ta yi kukanta a bayan tanderu, ta wanke fuska, ta zauna fasa ƙwallo kusa da uwarta.

Ga inda Sabohat ta yi wautar da ta kusa cinye lambun. Matan unguwa suna da zaman shayi duk Alhamis, gida-gida, kuma kowa ya san gidan da ake aiko wa kuɗi daga abin da aka shimfiɗa a kan tabarma. Da layi ya zo kanta a ƙarshen Fabrairu, maimakon ta ce ba ta da lafiya, sai ta ce ai in ta ba su gurasa gaya za su gane. Ta sayo nama, ta dafa osh, shinkafa mai maiƙo da karas da zabibi, ta zuba alewa mai takarda a faranti biyu. Mata suka ci suka yi nak. Mastura tana suɗe yatsa tana cewa, "Ashe Rasha ta yi albarka bana! Shi ya sa Shodmon ya manta hanyar gida." Bibi Hikoyat kuwa, tsohuwa 'yar siririya mai fama da zuciya, tana gefe tana jan carbi tana murmushi, tana cewa Allah ya ƙara wa ɗanta ciniki. Kwana huɗu bayan nan shayi da busasshiyar gurasa suka ci a gidan.

A makon ne Shodmon ya kira ya ce an ce takardu sun kusa, kuma wanda danginsa suka tanadi kuɗin jirgi shi ake fara sallama, sauran su jira. Sabohat ba ta tsaya tunani ba. Ta kwashe busasshen zardolun da ta ɓoye tana jiran ya yi tsada, da buhun ƙwallo, da ɗan abin da ta ƙulle a bakin ɗankwali don ɗan ƙwadagon hashar, ta aika wa direban duka ya riƙe. Kwana uku tsakani mirob ya sa aka yi shela a masallaci cewa Asabar za a shiga magudana.

Ranar Asabar, rana ta ɗan leƙo daga bayan dutse, maza suka taru a bakin magudana, kowa da shebur da takalmin roba har gwiwa. Mirob ɗin Chinorak, Amak Nazar, tsoho ne ɗan shekara saba'in mai gajeren haƙuri, yana tafe da sandarsa yana awo yana kiran gidaje. Sai ga Sabohat ta taho cikin takalman robar Shodmon da suka yi mata yawa, shebur a kafaɗa, ta ɗaure kai tamau.

Sattor, mijin Mastura, shi ya fara. "A'a! Jama'a, Shodmon ya dawo, amma da ɗankwali!"

Aka kwashe da dariya. Amak Nazar bai yi ba. Ya kira ta yadda tsofaffi ke kiran duk matar da aka auro cikin garin.

"Kelin, me kika kawo? In shayi ne ajiye can kan dutse."

"Rabon gidanmu na zo haƙawa, Amak."

"Ke? Leƙa ki ga zurfinta. Laka ake cillawa sama da kai, kwana biyar. Tun da nake ban taɓa sa mace a ramin nan ba, kuma ba a kanki zan fara ba. Ga 'yan ƙwadago can bakin gada suna hamma, je ki ɗauko ɗaya."

"Ba ni da abin biyansa."

Nan fa ran tsoho ya ɓaci. Ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ba ki da me? Matata ta dawo daga gidanki da maiƙo har gwiwar hannu, kwana biyu tana ba ni labarin nama da alewa! Mijinki yana can yana kwasar kuɗi, ya ƙi dawowa, ya ƙi aiko da na ɗan ƙwadago, so yake mu tsofaffi mu haƙa masa? Ki gaya masa ni Nazar na ce in aka yi azahar ban ga namiji a rabonku ba, da hannuna zan liƙe bakin magudanarku. Ya aiko muku da ruwan kwalba daga Rasha ku ba itatuwan!"

Daga inda take tsaye ana hango lambun a gangare, rassan sun kumbura suna shirin fure. Ta dube shi. Ta tuna alkawarin da ta yi. Da maganar itatuwa ce kaɗai, Allah ne ya san ko da ta haɗiye ta juya gida. Amma kalmar nan ta "ya ƙi dawowa" ita ce ta kasa haɗiyewa. Mutumin da bai taɓa fashin hashar ba tun yana saurayi, yana can yana kwana da riga ɗaya, ana nan ana yi masa kallon mai rowa. Ta sauke shebur daga kafaɗa.

"Ba ƙin dawowa ya yi ba, Amak. A tsare yake."

"A me?"

"A tsare. Wata uku ke nan. An gudu da fasfonsa, an kulle shi a gidan tsare baƙi. Saniyarmu ba ta harbi, lauya ne ya cinye ta. Nozanin ba hutu take yi ba. Naman da matarka ta ci kuwa, na saya ne don kada ku gane. To ga shi kun ji."

Ta tsaya tana jiran abin da Shodmon ya ji wa tsoro, a fara kallon juna ana taɓe baki.

Sattor ne ya yi gyaran murya. Duk zolayar ta bar fuskarsa.

"Su nawa ne a ɗakinsu?"

"Goma sha biyu."

"Mu sha shida ne a namu," in ji shi, yana kallon takalminsa. "Shekarar nan da aka ce muku na karye a can ina asibiti wata biyar. Ba abin da ya sami ƙafata. Ɗingishin ma da na dawo da shi na ƙarya ne."

Wani dattijo daga baya ya ce, "Nawa ɗan ma da aka ce ya tafi aikin daji inda ba waya. Ba dajin da ya je."

Amak Nazar ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya riƙe haɓa.

"La'ilaha illallahu! Ashe garin maƙaryata nake raba wa ruwa shekara talatin!"

Ya tuɓe babbar rigarsa mai auduga ya jefa kan dutse, ya karɓe shebur daga hannun Sabohat, ya dira cikin ramin da kansa, tsoho da shi. Kafin ka ce me, maza takwas sun bi shi.

"Wata uku, kelin! Da kin buɗe baki tun Disamba da saniyarku tana turke. Sattor ga shi nan, ya san duk ɓarayin lauyoyin nan. Wuce gida. In aiki kike so ki dafa mana shayi. Ban da alewa!"

Ta juya tana tafe takalman na ƙwal-ƙwal, hawaye na zuba, ba ta ko share ba. Sai a tsakiyar hanya ta tuna da uwar mijinta, don ta san labari a Chinorak ya fi mutum sauri. Haka kuwa aka yi. Ta tarar da Bibi Hikoyat zaune a dandamalin tsakar gida, Mastura na fita sumui-sumui ta ƙofar baya. Sabohat ta tsaya tana duban ƙirjin tsohuwar, ko numfashinta daidai yake.

"Zo nan, kelin."

Ta matsa ta durƙusa. Tsohuwa ta ɗaga carbi ta shauɗa mata a kafaɗa.

"Wata uku ina ɗaga hannu safe da yamma ina cewa Allah ka ƙara wa ɗana ciniki, ka buɗa masa aiki. Ashe ƙofa yake nema a buɗe masa! Kin bar ni ina roƙon abin da ba shi yake bukata ba. Wa ya ba ki izinin ɓata mini addu'a wata uku?"

"Ki yafe ni, Ocha. Shi ya ce zuciyarki..."

"Zuciyata ta binne miji da 'ya'ya biyu, ba ta tsaya ba." Ta ja numfashi. "Saniyar ma ba harbi take yi ba ko?"

"Ba ta harbi."

"Ai na sani. Ni na raine ta tun tana maraƙa. Na dai zaci ke 'yar tawa ce kika fara son jiki."

Sai ta jawo kan Sabohat ta ɗora a cinyarta, tana shafa ɗankwalin da laka ta ɓata.

Ranar Juma'a Shodmon ya kira. Sabohat ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Ya ce, "Na ce miki kada kowa ya ji." Bibi Hikoyat ta fizge wayar.

"Kai sakarai! Ni na haife ka ko kai ka haife ni, da za ka zaɓar mini abin da zan iya ɗauka? Kana cin abinci? Akwai bargo?"

Shodmon, ƙato mai shekara arba'in da shida, ya fashe da kuka a gaban maza goma sha ɗaya.

Takardar ba ta fito a Maris ba, ba ta fito a Afrilu ba. Sattor ne ya ce a can ba sa motsi sai an tura musu shaidar haihuwa daga nan, ya ɗauki Nozanin a motarsa suka yi ta zirga-zirgar ofisoshi har aka samu aka aika. Mastura kullum sai ta miƙo kwanon madara ta kan katanga tana cewa, "Ga ta saniya, hajiyar madarar kwali, a yi haƙuri da mu." Ruwa ya shiga lambun a kan lokacinsa, fure ya zuba, 'ya'ya suka ƙulla. Saniya dai ba ta dawo ba, 'yan kunne ba su dawo ba, shekarar Nozanin ta tafi ke nan, ƙawayenta suka wuce ta. Sabohat ba ta ɓoye cewa wannan yana mata ciwo. Amma in ana hira takan ce ita kam ta ga mutane, kuma bakinta bai isa ya gode musu ba.

Shodmon ya dawo tsakiyar Yuli, bayan wata bakwai, da 'yar leda ɗaya a hannu da hatimin hana shiga Rasha shekara biyar. Ya rame har wuyan rigarsa na yawo. Mutane suka yi ta zuwa sannu da zuwa, ba wanda ya taɓe baki, shi dai kansa a ƙasa. Abin da ya fi damun Sabohat tafiyarsa ce. In ya fito tsakar gida sai ya yi taku shida ya juyo, ya yi shida ya juyo, hannuwa a baya, daidai tsawon ɗakin da aka kulle su. Ko lambu ya shiga, tsakanin itace na farko da na biyu yake kai da kawowa. Bai san yana yi ba.

Kwana tara da dawowarsa layin ruwa ya zo kansu. Da hantsi Amak Nazar ya tsaya a saman gangare ya zare katakon bakin magudana, ya ƙwala kira.

"Shodmon! Ga ruwanka nan! Awa biyu gare ka, in ka tsaya kallo na mayar wa Sattor!"

Ruwa ya gangaro da gudu yana tura busassun ganye. Shodmon ya zabura ya suri garma. Ya buɗe wa itace na farko, ya toshe, ya buɗe wa na biyu. Ruwan bai jira shi ba, ya yi gaba. Sabohat tana kan rufin ɗaki a tsakiyar shanya, ta daina abin da take yi tana ƙirga takunsa a zuci. Shida. Ya ɗan tsaya, kafaɗarsa ta fara juyawa. Ruwa ya kusa ɓallewa ta gefen itace na uku.

"Baban Nozanin!" ta ƙwala masa. "Zai zube! Yi gaba!"

Ya yi gaba. Bakwai, takwas, tara, ya tare shi da garma, ya bi shi zuwa na huɗu, na biyar, laka har ƙauri, yana saɓa garma yana masifa da ruwan kamar yadda ya saba. Ta bi shi da ido har ya ɓace a cikin ganye can ƙarshen gangare, wajen itace na arba'in da biyu.

Bibi Hikoyat ta ɗago kai daga tsakar gida.

"Kelin, me kike wa kuka a can sama? Ina ɗan nawa?"

"Yana ƙasan lambu, Ocha," in ji Sabohat. "Ya yi nisa."